Baffa, Ƙashin Bayanka Bai Goce Ba

Baffana tela ne a Fagge. Shekara talatin da 'yan kai yana duƙe a kan keken ɗinki, tun ana taka na ƙafa har aka koma na lantarki, kuma bayansa ya daɗe da fara biyan bashin wannan zama. A azumin da ya wuce a kan kujera ya yi tarawihi, abin da ya fi ciwon ma ƙona masa rai. Ran nan bayan la'asar ya miƙo min wayarsa. Wani Bature ne a bidiyo, ya kwantar da mutum ta gefe a kan siririn gado, ya lanƙwasa masa ƙafa, ya dafa kafaɗarsa, ya murɗa. Ƙas! Mutumin ya miƙe yana murmushi. Baffa ya ce, "Ɗana, kai da ka zauna a ƙasarsu, abin nan gaskiya ne? In gaskiya ne ka nemo min mai yi. Ni na san wani ƙashi ne ya goce min."

Amsar da na ba shi a ranar gajeriya ce, ba ta kuma gamsar da shi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta doguwar, domin irin Baffa suna da yawa, kuma bidiyon nan ya riga ya shiga wayar kowa.

Abin da ya gani sunansa ostiyofati, ko kuma ɗan'uwansa kairofaratik, don a bidiyo da wuya a bambance su. Asalin ostiyofati Amurka ne, kuma daga makoki ya fito. Andrew Taylor Still likitan karkara ne, an haife shi a 1828. A 1864 sanƙarau ya shiga gidansa ya ɗauke masa yara uku, yana tsaye da iliminsa bai iya taɓuka komai ba. Maganin zamaninsu kuwa abin a guje masa ne: a tsaga mutum a zubar masa da jini, a ɗura masa sinadarin makuri mai guba, a bi shi da ofiyom da barasa. Still ya yanke ƙauna daga wannan hanya. A 1874 ya fito da tasa, cewa jiki yana da ikon gyara kansa, kuma cuta tana samun gindin zama ne idan ƙashi ko gaɓa ta kauce ta danne jijiya ko ta tare wa jini hanya, don haka a gyara da hannu. A 1892 ya buɗe makaranta a garin Kirksville na jihar Misuri. Ina tausaya wa mutumin nan, kuma na yarda a zamaninsa wanda aka yi wa tausa ya fi wanda aka ɗura wa makuri sa'a. Sai dai ya yi iƙirarin da ya wuce gona da iri, har da cewa hannu na maganin cututtukan da yanzu kowa ya san ƙwayoyin cuta ne ke kawo su.

Daga nan hanyar ta rabu biyu, kuma rashin sanin wannan rabuwa na ruɗa mutane. A Amurka makarantun ostiyofati sun rungumi ilimin likitanci na zamani gaba ɗaya, har ya zama wanda ya fito daga cikinsu cikakken likita ne, yana rubuta magani, yana tiyata, yana da lasisi a dukkan jihohi 50. Likitan Donald Trump a lokacin korona, Sean Conley, da likitan Joe Biden, Kevin O'Connor, duk daga irin waɗannan makarantu suka fito. Yawancinsu ma ba kasafai suke aikin hannun ba. A Turai kuwa abin ya tsaya a aikin hannu zalla. Wani ɗalibin Still, John Martin Littlejohn, shi ya kafa makaranta a Landan a 1917. Majalisar Birtaniya ta yi musu doka a 1993, kuma yau laifi ne a can mutum ya kira kansa mai ostiyofati ba tare da rajista ba, rajistar kuma sai an yi karatun kusan shekara huɗu. Faransa ta amince da sunan sana'ar a 2002.

Na taɓa kwanciya a kan irin wannan gado. Lokacin ina karatu a Ingila ina haɗawa da aikin dare a rumbun kaya, wata safiya na sunkuya zan ɗaura takalmi bayana ya riƙe. Na biya fam hamsin na ga wata mai ostiyofati. Abin da na fi tunawa ba murɗawar ba ce. Ta shafe kusan rabin awa tana tambayata: yaushe ya fara, yana sauka ƙafa, ina zazzaɓi, na rame, fitsari na fita daidai? Ta gwada ƙarfin ƙafafuna. Sannan ta yi tausa, ta miƙar da gaɓoɓi, ta murɗa sau ɗaya. Na fito ina jin sauƙi, ba zan ɓoye ba. Ta kuma ce min in koma aiki da zarar na iya, kada in kwanta. Cikin mako uku na warware. Tambayar da na daɗe ina yi wa kaina ita ce, da ban je ba fa? Mafi yawan ciwon baya na farat ɗaya yana lafawa da kansa cikin 'yan makonni. Jikina ba zai iya ba ni amsa ba, domin mutum ɗaya ba ya bin hanya biyu a lokaci guda. Wannan ne amfanin gwaje-gwajen da ake raba mutane kashi biyu a kwatanta.

An yi su kuwa, kuma sakamakonsu bai faranta wa masu tallan abin ba, bai kuma faranta wa masu zaginsa ba. A 1999 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga gwajin da aka yi a Shikago: an ba wasu kulawar asibiti da aka saba, wasu kuma aka yi musu aikin hannu na ostiyofati. Bayan mako 12 sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne, amma waɗanda aka yi wa aikin hannu sun sha magani ƙasa da ɗaya ɓangaren. A 2004 aka fitar da wani babban gwaji a Birtaniya mai mutum 1,334, aka ga murɗa baya ya ƙara ɗan sauƙi a wata uku, sauƙin ya ragu a shekara guda amma bai ɓace ba. A 2013 gwajin jihar Texas mai mutum 455 ya nuna raguwar zafi fiye da tausar bogi, sai dai bai nuna bambanci ba wajen iya harkokin yau da kullum.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Faransa, wanda aka buga a 2021. Mutum 400 aka raba biyu. Rabi aka yi musu ostiyofati na gaske sau shida, rabi kuma aka yi musu na bogi, wato a ɗora hannu a hankali kamar ana aiki alhali ba a yin komai, tsawon lokaci ɗaya, ɗaki iri ɗaya. Bayan wata uku na gasken ya yi gaba wajen iya motsi da aiki, amma da maki 3.4 kacal a ma'auni mai maki 100, wajen zafin ciwon kuwa ba a ga bambanci ba. Masu binciken da kansu suka ce da wuya mara lafiya ya ji wannan ɗan bambanci a rayuwarsa. Abin da na fahimta daga nan shi ne, babban kaso na sauƙin da mutum ke ji yana zuwa ne daga lokacin da aka ba shi, da hannun da aka ɗora masa, da kwanciyar hankalin cewa wani ya duba shi ya ce babu abin tsoro, da kuma kwanakin da ke wucewa. Ban raina waɗannan ba. Wanda ya taɓa bin layin asibiti tun asuba ya samu minti uku da likita ya san darajar a saurare shi. Amma ba su ne abin da ake tallatawa a bidiyo ba.

Hukumomin da suka auna shaidar sun tsaya a tsakiya. A 2016 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idar jinya a Ingila, ta ce ana iya yin aikin hannu ga mai ciwon baya, da sharaɗin ya zo tare da motsa jiki, ba shi kaɗai ba. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan ciwon baya mai daɗewa, ta sa tausa da murɗa baya cikin abubuwan da za a iya gwadawa, tare da ilmantar da mara lafiya da motsa jiki, ta kuma hana ɗamarar baya, da jan baya da na'ura, da magungunan dangin ofiyom. Hukumar ta ce mutum miliyan 619 ne ke da ciwon baya a 2020, ana hasashen su kai miliyan 843 a 2050, kuma babu ciwon da ya kai shi nakasa mutane a duniya.

To yanzu maganar Baffa, cewa ƙashi ya goce. A nan nake da babbar jayayya, da shi da kuma duk mai aikin hannu da ke gaya wa mutane haka. Ƙasusuwan baya a ɗaure suke da jijiyoyi masu ƙarfin gaske. In ɗaya ya goce da gaske, to haɗarin mota ne ko faɗowa daga bene ko wata cuta da ta cinye shi, kuma babu babban yatsan da zai mayar da shi. Ƙarar da ake ji kuwa irin wadda yaro ke yi ce idan ya ja yatsunsa. Akwai ruwa a cikin gaɓa, idan aka buɗa ta da sauri sai kumfar iska ta samu a ciki, shi ne "ƙas". An ɗauki hoton wannan da na'urar MRI a Kanada a 2015, an ga kumfar tana fitowa. Babu abin da ya koma mazauninsa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon baya ma ba a iya nuna wani abu guda a ce shi ne sanadi. Har hoton da mutanenmu ke sayar da akuya su ɗauka yakan ruɗar: a 2015 an tattara hotunan mutum fiye da 3,000 waɗanda bayansu ƙalau yake, aka samu kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya turo, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 84. Kamar furfura ce, ta ciki.

Wani zai ce, in dai mutum ya ji sauƙi, mene ne laifin labarin? Laifinsa babba ne. Wanda aka gaya wa ƙashinsa na gocewa zai fara tsoron bayansa. Zai daina sunkuyawa, ya daina ɗaukar jikansa, ya riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ya yi ta kwanciya. Kwanciyar nan kuma ita ke sa tsoka ta yi laushi, gaɓa ta sandare, ciwon ya samu wurin zama. Sannan duk lokacin da ya motsa masa, sai ya ce ya sake gocewa, sai ya koma a mayar masa, sai ya sake biya. An mayar da lafiyayyen mutum ɗan haya a jikinsa. Mai ostiyofatin da ta duba ni ba ta gaya min haka ba, kuma da yawa daga cikin masu karatun zamani a sana'ar sun bar wannan magana. Amma ita ce ke sayuwa a TikTok, domin "motsa jiki, ka yi haƙuri na mako shida" ba ya jan 'yan kallo.

Akwai kuma inda sana'ar ta wuce iyaka, kamar masu cewa suna motsa ƙasusuwan kai da tafin hannu don maganin kukan jarirai ko asma ko matsalar haihuwa. Wannan babu shaidar kirki a kansa, kuma ba zan kai ɗana ba. Murɗa wuya da ƙarfi shi ma ina gudunsa, don an samu waɗanda jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan an yi musu, har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma amfanin da ake nema bai kai a yi wannan kasada ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a watsar da aikin hannu, kuma dalilina yana kan titinmu. Mu duba abin da mai ciwon baya ke yi a nan. Kemis yake zuwa a yi masa haɗi. A cikin ƙullin akwai diklofenak, sau da yawa da wani ɗan'uwansa a kai, wani lokaci da deksametason, wani lokaci da taramol. Ya sha da safe kafin ya hau babur ko ya ɗauki buhu, ya sha da dare, shekara da shekaru. Diklofenak da danginsa, in aka daɗe ana sha, suna huda ciki, suna gajiyar da ƙoda. Deksametason na kumbura fuska, yana tada suga da hawan jini, yana kuma rage ƙarfin ƙashin da ake son gyarawa. Taramol kuwa ba sai na faɗa ba, kowace unguwa tana da wanda ya fara shi don ciwon jiki ya kasa bari. In aka ɗora wannan a sikeli ɗaya, aka ɗora tausa da miƙa gaɓoɓi a hannun wanda ya san aikinsa a ɗaya, ni na san wanda zan zaɓa wa Baffa. Illar aikin hannu a ƙasan baya yawanci tsamin jiki ne na kwana ɗaya ko biyu. Ko ɗan sauƙin da yake bayarwa ƙarami ne, da babu gara ba daɗi, musamman in ya sa mutum ya rage ƙwaya ya samu ƙarfin tashi ya motsa. Mu kuma ba baƙin magani da hannu ba ne. Muna da masu ɗori, da wanzamai masu ƙaho, da tsofaffin da ke yi wa mai jego tausa, da yaron da ake sa wa ya taka bayan kakansa. Mutanenmu sun yarda da hannu tun kafin Still.

Wannan yardar ce kuma ke ba ni tsoro, domin bayan da ke ciwo a Kano ba lallai ya zama irin wanda ke ciwo a Landan ba. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, kuma ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, tana shiga ƙashin baya ta cinye shi a hankali. Mutum zai yi watanni yana ciwon baya, yana zazzaɓin dare da gumi, yana ramewa, daga baya doro ya fito, ƙafafu su mutu. Maganinsa ƙwayoyin tarin fuka ne, kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati, kuma in an kama shi da wuri ana warkewa. Ka ɗauki irin wannan baya, ƙashinsa ya zama kamar itacen da gara ta ci, ka ɗora masa nauyinka ka murɗa. Haka mai sikila, ga shi babu ƙasar da ta kai tamu yawan jariran da ake haifa da ita, cutar kuma tana taɓa ƙashin baya da na ƙugu. Haka dattijon da kansar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta bazu zuwa ƙashinsa, da tsohuwar da ƙashinta ya yi taushi. Haka wanda fitsari ya riƙe masa ko ya fara kufce masa, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa, ko ƙafarsa ta fara ja: wannan asibiti zai tafi a ranar, don jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barinsa da nakasa. Rabin awar nan da mai ostiyofatin Ingila ta yi tana tambayata, waɗannan take nema. Ita ce ainihin sana'ar. Murɗawar kowa na iya koya a mako guda daga waya, kuma na fara ganin masu yi, a shagon aski da ɗakunan motsa jiki, babu tambaya ko ɗaya, sai kyamara.

Saboda haka ba shigo da sunan ostiyofati ne ya dame ni ba. Muna da likitocin gashin ƙashi, Jami'ar Bayero na yaye su, suna aiki a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da sauran manyan asibitoci, kuma aikin hannu na cikin karatunsu. A gwajin Birtaniya na 2004 ma, masu murɗa bayan sun haɗa da masu ostiyofati da masu kairofaratik da likitocin gashi, duk tsari ɗaya suka bi. Matsalar ita ce a manyan birane suka taru. Manomin da ke Ɗambatta ko Gumel, da matar da ke daka da ɗibar ruwa da goyo a baya, ba su da wanda za su gani sai mai kemis. Abin da nake so gwamnatocin jihohi su yi shi ne su ɗauki likitocin gashi aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ko da ɗaya ɗaya ne. Hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa don rajistar masu wannan fanni, ostiyofati na ƙarƙashinta, to ta leƙa masu murɗa bayan mutane a intanet ta tambaye su takardunsu. Masu ɗori da wanzamai kuma, tunda wurinsu ake fara zuwa ko an so ko an ƙi, a tara su a koya musu alamomin nan na haɗari, su san bayan da ba a taɓawa.

Baffa dai na kai shi asibiti. Likita ya yi masa tambayoyin, ya duba shi, ya ce babu alamar wani mugun abu, bai ma tura shi hoto ba, abin da ya ɓata wa Baffa rai sosai, don a ganinsa ba a yi aiki ba. Aka tura mu sashen gashi. Wani matashi ya yi masa tausa, ya danna masa gaɓoɓin baya a hankali, ya koya masa motsi huɗu da zai riƙa yi safe da yamma, ya ce ya ɗaga kujerar kekensa, kuma duk rabin awa ya tashi ya taka zuwa bakin shago ya dawo. Baffa ya ce masa, "Yaro, ban ji ƙarar ba." Ya ce, "Baba, ba ƙarar muke nema ba, ruku'u muke nema." Ya je sau biyar. Ciwon bai tafi duka ba, ranar da ɗinki ya yi yawa, kamar gab da salla, yakan dawo masa. Motsin ma wani lokaci sai Inna ta tuna masa. Amma ya bar haɗin kemis, kuma Juma'ar da ta wuce a sahu na gan shi, a tsaye, kujerar tana jingine a shago.